Na Makara Wajen Mutuwa

Da sunan Allah mai rayawa mai kashewa, wanda ba ya neman shawarar kowa. Jama'a, assalamu alaikum.

Mai wannan rubutu shi ne Malam Idi, wanda a fadamun Makarfi ake kira Idi Mai Ƙiyasi. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri, a aji huɗu na tsaya, sauran karatun kuma a jikin buhun taki na tsince shi. Bisa lissafin masana, ya kamata a ce ciyawa ta fito a kaina damina biyu ke nan. Ga ni nan ina shan koko. Wadda aka ce nata ba ya gaggawa, ita ce ciyawa ta fito a kanta. Shi ya sa na zauna na rubuta, don wani ya ji kafin ya yi irin lissafin da muka yi a gidana.

Bari in fara da sana'ata, don kada a ce tsoho ya zo zagin likitoci da jahilci. A wajenmu, in manomin rake ya matsu kafin lokacin sara, sai ya sayar da gonar a tsaye. Mai saye bai san dami nawa za ta yi ba, mai sayarwa ma bai sani ba. Sai a kira ni. In zaga gona, in kutsa tsakiya, in karya kara ɗaya in tauna, in ɗaure fuska kamar alƙali, in faɗi adadi. Kuma wallahi yawanci ina dacewa. Amma wata shekara tsutsa ta shiga, wata shekara ruwa ya kwanta, wata kuma gonar da na raina ta ba ni kunya. A lokacin na riga na karɓi la'adata na yi gaba. Ban taɓa kwana a gonar da na ƙiyasta ba. Ku riƙe wannan.

Ciwon ya faro ne da ƙarshen damina. Abinci ya fita raina, idona ya yi ɗorawa, ƙafafuna suka kumbura, cikina ya fito kamar na kansila a shekararsa ta biyu. Makon farko aka ce shawara ce, aka dafa min saiwoyi. Mako na biyu wata gwaggo ta aiko da ganyen da ta ce ya tashi wani mutum a Paki, na sha na kusa bin mutumin in tambaye shi ko da gaske ne. Mai kemis ya rataya min ruwa a jikin ƙusa, ruwan ya shiga ya tarar da ɗan'uwansa a ciki suka zauna tare. Daga nan ɗana Sani, wanda ke koyarwa a Ikara, ya zo ya ce ya isa haka. Asibitin garinmu suka duba, suka ce sai Zariya.

Matata Hansatu, wadda kowa ke kira Hanse, ita ta riƙe ni a mota. Mun tsufa tare, ita kaɗai, ba don ni waliyyi ba ne, sai don ban taɓa samun ranar da ta yi shiru har in kawo maganar ba. Tana da ɗan maƙoƙo a wuya tun tana goyon autarmu. Ba ya mata ciwo, mun saba da shi kamar maƙwabci. Da muka isa Zariya muka ga layin yankan kati ya kai har bakin masu shayi, sai Sani ya ce, "Inna, tun da mun sha wahalar zuwa, ke ma a duba miki wuyan nan." Ta ce ita ba ta zo da ciwo ba, rakiya ta zo. Ya dage. Haka aka yanki kati biyu.

Mun yi mako muna zarya. Yau jini, gobe hoto, jibi mai hoton bai zo ba, gata wuta ta ɗauke. Akuyoyin Hanse suka fara tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ba su dawo ba. A ƙarshe aka shigar da ni wajen likita, yaro ne, sa'an Sani, mai ladabi, sai da ya gaishe ni da kyau kafin ya buɗe fayil. Ya ce hanta ce, ta daɗe tana lalacewa ban sani ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, irin wanda nake yi wa manomi in gonarsa ba ta yi kyau ba.

Na ce, "Likita, sana'armu ɗaya da kai. Faɗa min dami nawa ya rage."

Ya ce, "Baba, rai a hannun Allah yake."

Na ce, "Ni ma da haka nake farawa. Bayan nan sai in faɗi adadi."

Ya yi ɗan murmushi, sannan ya ce, "Yawancin waɗanda muke gani da irin wannan hoto da irin wannan jini, ba sa wuce 'yan watanni. Amma Baba, yawanci na ce. Ba ranarka na gani a hoton ba."

"Zan ga ruwan shuka?"

Ya dubi fayil. Ya ce, "Ba na zato. Amma za mu ba ka magani, mu riƙa zuƙe ruwan, mu gani."

Ina shaida a gaban Allah, yaron nan bai yi min ƙarya ba, kuma ya faɗi "yawanci" har sau biyu. Amma wa ke ɗaukar "yawanci" ya kai gida? Abin da ya shiga mota da mu shi ne: Malam ba zai ga ruwan shuka ba.

Ita kuwa Hanse, likita mace ta gani. Ta tattaɓa wuyan, ta sa aka yi hoto, ta ce, "Mama, irin wannan da ya daɗe haka, yawanci ba ya gaggawa. Gara dai a cire a gwada shi in kun shirya. Amma in muryarki ta canza, ko haɗiya ta yi miki wuya, ko kika ga ya ƙara girma, ki dawo nan take." Wannan ma Sani ya ji, ni ma an maimaita min. Abin da ya shiga mota shi ne: na Inna ba ya gaggawa.

A motar nan, tsakanin Zariya da gida, Hanse wadda ko aji ɗaya ba ta shiga ba ta yi lissafin da ya fi na kowa tsari. Ta ce, "To, abin ya zo da sauƙi. Kai naka ba ya jira, nawa yana jira. Daga nan zuwa ruwan shuka ina kanka. In Allah ya yi ikonsa, sai in shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Ina fitowa kaka ta yi, an sami hatsi, sai Malam Ƙarami ya kai ni a yanke abin." Malam Ƙarami shi ne Sani, ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Na ce, "Hanse, a gabana kike tsara takabata kamar bikin suna?"

Ta ce, "To a bayanka zan tsara? Ai gara ka ji, kada ka ce an yi maka munafunci."

Har direba ya yi dariya. Sani ya juya fuska wajen taga. Ba wanda ya ce lissafin bai yi ba, domin ya yi. Da za a kawo min shi yau a kan gonar wani, zan sa hannu.

Na shiga shirin tafiya gadan-gadan. Na sayar da rakena a tsaye ga Alhaji Ɗan'azumi, taubashina, wanda muke tsokanar juna tun muna yawo ba wando. Ni na ƙiyasta gonar da kaina daga kan tabarma, shi kuma ya biya ba ciniki, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. A nan na tabbata lallai mutuwa zan yi. Na aika aka yanko likkafani aka sa a ƙasan akwati. Na sa aka kira min mutane ina neman gafara. Har wani da ya ci min iyakar gona shekara da shekaru na yafe wa, a gaban shaidu. Yanzu kullum sai ya wuce ta ƙofar gidana ya gaishe ni, yana taka ƙasata. Wannan ma ina bin likita bashinta.

Jinya kuwa Hanse ta yi ta. An hana ni gishiri, ta koyi yin miyar da ba gishiri har ta kusa zama abinci. Ta daina suyar ƙosan da take yi a ƙofar gida. Ita ke juya ni, ita ke wanke ni, ita ke riƙe ƙwayoyi a ƙullin zane tana ba ni da lokacin salla, don ba ta yarda da agogo ba. In cikin ya cika, mu hau mota zuwa Zariya, mu bi layi, a soka min allura a zuƙe ruwa kamar ana tatsar tanki, mu dawo. Ma'aikatan jinya, wasu Allah ya saka musu, akwai wadda ke ajiye mana benci. Wasu kuma Allah ya shirye su, suna yi wa tsoho tsawa kamar shi ya ƙirƙiro ciwon.

Sanyi ya wuce. Zafi ya zo. Duk sanda zazzaɓi ya kama ni, sai gida ya cika, a kira 'yata Rabi daga Kudan, a fara karatu a zaure. Kwana biyu sai in nemi kunu. A watse.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, ina zaune a bakin ɗaki ina kallonsa. Hanse ta tara ruwan indararo ta yi wanki.

Daga nan kallon mutane ya canza. Masu zuwa dubiya su ce, "Malam, ya jiki?" amma idonsu na cewa, har yanzu? Ɗan'azumi ne kaɗai ke faɗa da baki. Ya shigo wata rana ya tarar ina cin ɗanwake, ya ce, "Kai Idi, ka ji tsoron Allah. Mun bar kasuwa mun zo mun yi kuka, na sayi rakenka da tsada saboda tausayi, ga shi kana cin ɗanwake. Ka tsai da magana ɗaya mana."

Na ce, "Jira nake ka riga ni, in ga wa zai yi maka kuka kyauta."

Muka yi dariya. Hanse ma ta yi, daga bakin murhu, sai dai dariyar ba ta fito ba, iska ce kawai. Na ce, "Muryarki fa?" Ta ce itacen damina ne, ɗanye, hayaƙinsa ya shaƙe ta.

Sani ya tayar da maganar wuyanta a tsakiyar damina. Ya ce tun da Baba ya ɗan samu, a je a yi nata. Ta ce, "Ka ji yaro. Likita ya ce 'yan watanni, watannin sun cika, ai yanzu ne ma abin ya matso. In kwanta a Zariya an yanka min wuya, a aiko a ce ya tafi ba ni nan? Wa zai rufe masa ido, kai? Kuma me garin nan zai ce, ta bar miji a bakin kabari ta tafi gyaran wuya?" A makon nan kuwa zazzaɓi ya sake kayar da ni, aka sake cika gida, magana ta mutu. Haka muka yi ta yi. Kowane wata shi ne na ƙarshe, saboda haka kowane wata ba a taɓa maganar wuyan. Ranar mutuwata ta zama kamar motar haya da aka ce saura mutum ɗaya ta tashi: ba ka isa ka sauka ka sayi ko ruwa ba.

Ta daina cin tuwo. Ta ce tana taya ni ne, ba daɗi ita tana cin mai gishiri ni ina kallo, sai ta riƙa shan kunu tare da ni. Na yi ta yi mata kirari a gaban baƙi, ina cewa ku ga mace. Ashe tuwon ne ba ya wucewa. Hijabi kuma ba ta cire shi ko a tsakar gida, saboda masu dubiya ba sa yankewa. Ni mai ƙiyasi, wanda ke gane tsutsa a kara daga launin ganye, ina kwance taku uku da ita.

Rabi ce ta gani. Ta zo daga Kudan wata Juma'a da hantsi, ta ce, "Inna, kan nan naki ya yi wata nawa ba kitso? Zauna." Hanse ta ƙi, Rabi ta janye hijabin da wasa. Sai na ji ta ce, "Innalillahi! Inna, mene ne wannan?" Na ɗaga labule. Abin da na sani kamar ƙwan kaza ya zama kamar tafin hannu a dunƙule, ya yi tauri, ya ture maƙogwaro gefe guda.

Washegari muka tafi, wannan karon ni ne ɗan rakiya. Likitar nan mace ta gane ta. Ta taɓa wuyan, fuskarta ta canza. Ta ce, "Mama, ai na ce in murya ta canza ki dawo. Me ya hana ku?"

Hanse ta yi magana, ba a ji ba. Likita ta matso da kunne. Ta sake cewa, "Malam muke jira."

Likitar ta ɗago ta dube ni, ina tsaye da sandata, cikina ya sace, har na yi ƙiba a kumatu. Na shekara saba'in da wani abu a duniya, an kama ni da laifuffuka iri-iri, amma ban taɓa jin kunyar kasancewa da rai ba sai ranar.

Aka ɗebi nama da allura aka kai gwaji, muka jira, aka ce na'ura ta lalace, muka sake jira. Da sakamako ya fito, suka ce abin ya rikiɗe ya zama mugun iri, ya kama hanyar numfashi, wuƙa ba za ta yi ba. Na ce da an zo da rani fa? Likitar ta ce, "Wataƙila. Ba zan iya rantsuwa ba." Na gode mata da ba ta rantse ba. Ban tambaye ta dami nawa ya rage ba. Na koyi hankali, a makare.

Muka dawo gida muka yi musayar tabarma. Ni nake dama mata kunu, tana kallon hannuna tana girgiza kai saboda gudaji. Liman ya zo dubiya, magana ta kai ga takaba, ya ce ai mai takaba ma an yarda ta fita neman magani in lalura ta kama. Ashe ko wannan ɓangaren na lissafin ba a kan komai yake tsaye ba. Ba wanda ya tambaye shi tun farko, don ba ka zuwa wajen liman ka ce, in mijina ya mutu zan iya zuwa Zariya?

Ana gobe za ta rasu, da la'asar, ta yafito ni. Na kai kunne. Ta ce, "Kai dai ba ka taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba."

Na ce, "Ai ke kika hana ni tafiya. Kullum kunu, kullum ƙwaya."

Ta ce, "Kuskure ne." Ta yi irin dariyar nan ta iska.

Ana yankan dawa ta tafi, daidai lokacin da ta tsara za ta fito daga takaba. Aka buɗe akwati aka ɗauko likkafanina. Sai mata suka aiko cewa bai isa ba, na mace ya fi na namiji yawa. Ɗan'azumi ya hau mashin ya je kasuwa ya ƙaro yadi. Tun daga ranar bai sake tambayata yaushe zan tafi ba, kuma wallahi na fi son da yana tambaya.

Bayan arba'in na koma wajen likitana, don ƙwayoyi sun ƙare. Ya ga sakamakon jinina ya yi murna ta gaskiya, har ya kira ɗalibai su zo su gan ni, suka kewaye ni da fararen riguna kamar an kawo raƙumi mai kai biyu. Ya ce musu jikina ya karɓi magani fiye da yadda aka zata, irina kan faru, ba a dai san wa zai zama irina ba sai bayan ya zama. Ya ce, "Baba, ina Mama? Ai ita za a ba lambar yabo."

Na bari ɗaliban suka fita, sannan na ba shi labari, da lissafin mota da komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Baba, abin da na faɗa maka daga mutane masu yawa aka samo shi. Yana taimaka mana mu san wa za a fara dubawa, wane magani za a ba da. Ban san an jingina ran wani a jikinsa ba."

Na ce, "Na sani, ɗana. Ni ma ban taɓa tambayar manomi me zai gina a kan adadina ba."

Ban riƙe shi ba, kuma ban riƙe likitar Hanse ba. Ƙwayarsa ce ta tsayar da ni, gargaɗinta kuma daidai ne, mu muka bar shi a bakin ƙofar asibiti. Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Sun san ciwo biyu, kowa da fayil ɗinsa, kowa da ɗakinsa, ba wanda ya san gida ɗaya za su koma su kwana a tukunya ɗaya. Da ɗayansu ya ce, "Wa ke jinyar wa?" da an gama.

Don haka ga abin da tsohon aji huɗu ke gaya muku. In likita ya ce 'yan watanni, ku nemi gafara, ku gyara tsakaninku da Allah, wannan ba asara. Ban da iyakar gona, wannan ku dakata tukuna. Amma kada ku sa wani mai rai a layi bayan gawar da ba ta faɗi ba. In kuma ya ce ba ya gaggawa, ku sa ya maimaita abin da ya biyo bayan "amma", ku ɗauke shi ku sa a mota kafin ku ɗauki jaka. Kuma ku riƙa duban wuyan mai dama muku kunu.

Kwanan baya Rabi na kwashe kayan uwarta, ta tarar da wani ƙulli a ƙasan kwalla. Tsofaffin zannuwa ne marasa ado, an wanke an ninke, da ɗankwali baƙi da sabulu. Kayan takabata ne, ta shirya tun kafin ruwan shuka. Rabi ta ce a bayar sadaka. Na ce a bar min su.

Namiji ba ya takaba. Ranar uku aka ce in fito zaure, ranar bakwai wani har ya fara yi min maganar wata bazawara a Ikara. Da ni na tafi a kan lokaci, Hanse ta san ranar shigarta, ta san ranar fitarta, har ta san motar da za ta hau. Ni na tambayi liman yaushe ake fita daga wannan, ya ce in yi haƙuri. Na tambayi likita, ya ce wannan ba ya fitowa a hoto. Duk ƙasar Makarfi, an rasa mai yi wa Idi Mai Ƙiyasi ƙiyasi.

Wanda ya karanta, ya yi wa Hansatu addu'a. Ni kada ku yi gaggawar yi min, an taɓa yi, ba ta yi amfani ba.